Dogon Bonet da Idon Direba

A arewacin Kano, inda gona ta ƙare nan wata take farawa. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, har ka dangana da Ɗambatta da Makoɗa, da wuya ka yi tafiyar minti biyar a mota ba ka wuce gida ko rijiya ko makarantar allo a gindin darbejiya ba. Wannan ne yankin da Baturen nan masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi ta nazari tun shekarun 1960, saboda yadda jama'a suka yi wa ƙasa yawa amma ba su bari ta mutu ba. Ga mai riƙe da sitiyari kuwa, ma'anar wannan cikowa ɗaya ce: komai yana iya fitowa daga ko'ina. A watan Agusta da Satumba dawa ta fi mutum tsawo, kuma har bakin hanya ake shuka ta. Yaro ya biyo akuya a guje daga cikin burtali, mai babur ya ɓullo ta bayan shinge da buhu biyu a baya, amalanken shanu tana tafe da magariba babu fitila babu komai. Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura ranar Lahadi, ranar da kasuwar Ɗambatta take ci, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Shi ya sa idan samari suka zauna a majalisa suna gardama a kan fuskar mota, wace ce ta fi kyan fitila, wace ce ta fi ɗaukar ido, ni tambayar da take zo mini daban ce. Fuskar nan da ake yabo daga waje, me take barin direba ya gani daga ciki? Tsofaffin motocin gudu da ƙwalisa na Turai da Japan, masu turawa da ƙafafun baya, a kansu wannan tambaya ta fi tsanani, domin su aka fi ja wa bonet, aka fi kwantarwa ƙasa. Kuma ba su yi mana nisa yadda ake zato ba, tunda 'yar gidansu, Fijo 504, ta yi shekara talatin ana harhaɗa ta a Kaduna tana kai mu kasuwa da asibiti da ɗaurin aure.

Tsawon bonet ba da ado ya fara ba, daga ƙarƙashin mota ya samo asali. Motar da bakanike yake kira mai farfela, injinta a miƙe yake, kansa yana duban gaba. A gabansa akwai lagireto da fanka, a bayansa giyabos, daga giyabos kuma farfela ta bi ta ƙarƙashin kujeru har zuwa aksul na baya, inda ƙarfin yake rabuwa zuwa ƙafafu biyu. Idan injin mai silinda shida ne a jere, shi kaɗai ya doshi mita guda. Masu ƙera motar gudu kuma suna son nauyi ya rabu daidai tsakanin gaba da baya don ta riƙe hanya a kwana, sai su ƙara jan injin baya, direba kuma a tura shi har ya kusa zama a kan aksul. Abin da ya rage a gabansa sai dogon ƙarfe. Golf ɗin da ta mamaye tashoshinmu, wadda ta fara fitowa a 1974, akasin haka aka yi mata: injin a gicciye, giyabos a gefensa, ƙafafun gaba su ne masu ja, don haka hancinta gajere ne.

Jaguar E-Type, wadda aka fara nunawa a Janiba a watan Maris 1961, ita ce misalin da ake bugawa. Malcolm Sayer, wanda ya tsara jikinta, daga masana'antar jiragen sama ya fito, kuma abin da ya dame shi shi ne yadda iska za ta zame a jikinta. Tsayinta daga ƙasa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Bonet ɗin ya miƙe, ya yi tozo a tsakiya, sannan ya sunkuya ƙasa a can ƙarshe inda idon direba ba ya kaiwa. A buɗaɗɗen titi wannan ba matsala ba ce. Matsalar tana mahaɗa. Direban irin wannan mota kamar mai fitowa daga zaure ne da doguwar azara a kafaɗa, azarar ta riga shi shiga titi kafin ya ga dama da hagu. Fiye da mita biyu na motar sun riga sun hau kwalta kafin idonsa ya wuce kan shinge. A ɗauko wannan a kawo shi bakin burtali da damina, dawa a dama, dawa a hagu, ga Golf ta taho daga Kazaure da fasinja tara, za a ga cewa abin da ya ba motar kyau shi ne zai iya kashe mai ita.

Ba duka maƙera ne suka yarda a sayar da gani don a sayi kyau ba. Marsandi 230 SL ta 1963, wadda Paul Bracq ya zana, ita ma mai farfela ce mai silinda shida, amma an ɗaga gefunan rufinta, an faɗaɗa gilasanta, an siranta ginshiƙan da suke riƙe da rufin, har direba yana ganin kusurwoyinta huɗu daga zaune. Porsche 911, da yake injinta a baya yake, tsakiyar hancinta ya kwanta ƙasa, amma kafaɗun da suke ɗauke da fitilu sun ɗago, sai suka zame wa direba alama: inda tudun nan yake, nan ƙafarka take. Har fikafikan da aka yi wa bayan Marsandi ta 1959, kamfanin cewa ya yi don a riƙa auna ƙarshen mota ne wajen ja da baya. Tauraron nan ma da yake tsaye a kan bonet ɗin Marsandi, tsofaffin direbobinmu da shi suke saita gefen hanya. Darasin da ke cikin waɗannan shi ne, tsawon bonet da sauƙi in dai direba yana ganin iyakarsa. Abin da yake wahalar da mutum shi ne bonet ɗin da ya ɓace masa, sai ya koma tuƙi da kintace.

Sai fitila, wadda labarinta ya fi na bonet rikici, domin doka ce ta zana ta fiye da masu zane. Daga 1940 Amurka ta tilasta wa kowace mota fitila mai da'ira iri ɗaya, wadda ƙwai da gilashi da madubi duk a haɗe suke, in ta mutu sai a cire gaba ɗaya. Sai a 1974 aka yarda da mai kusurwa huɗu, kuma sai wajen 1983 aka bar maƙera su yi wa fitila siffar da suka ga dama. Dokar ta kuma ƙayyade mafi ƙarancin tsayin fitila daga ƙasa. Amurka ce babbar kasuwar motocin ƙwalisa, don haka kowa ya bi. Mai son hanci a kwance da fitila a sama kuwa hanya ɗaya ta rage masa: ya ɓoye fitilar a cikin bonet da rana, ta ɗago da dare. Haka aka yi wa Lotus Elan a 1962, da Corvette daga 1963, da Mazda RX-7 a 1978, da MX-5 a 1989. Idan fitilun suka tashi sukan nuna wa direba kusurwoyin motarsa, wanda alheri ne da ba a yi niyya ba, amma sun zo da ƙananan injina da mahaɗai masu son tsatsa da ƙura. Mai wayarin ɗin da ya taɓa karɓar irin wannan mota bayan hunturu ɗaya a Kano ya san yadda ake ƙarewa, ido ɗaya a buɗe ɗaya a rufe. Jaguar kuwa murfin gilashin da ya lulluɓe fitilunta aka sa ta cire a ƙarshen shekarun 1960, MGB kuma a 1974 aka ɗaura mata baƙar bambar roba, aka ɗaga ta daga ƙasa, ta rasa wani abu na kyanta da na riƙon hanyarta. Fitila mai ɓuya ta yi bankwana a 2004, da Corvette da Lotus Esprit.

A tsakiyar wannan zamani aka haifi 504. An nuna ta a Faris a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, kuma gidan zane na Pininfarina a Italiya ne ya tsara jikinta, gidan da a lokacin yake zana wa Ferrari. A 1969 aka fitar da ƙannenta biyu masu ƙofa biyu, ɗaya da rufi ɗaya a buɗe, waɗanda su ne motocin ƙwalisa na gidan, da fitilu huɗu a jere da bonet mai tsawo, daga 1974 kuma da injin V6. Ba a ƙwalisa suka tsaya ba. Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya a 1975 da 504 mai ƙofa huɗu, Jean-Pierre Nicolas kuma ya ci shi a 1978 da mai ƙofa biyu, kuma motar ta ci tseren Maroko da na Bandama a Kwaddibuwa. A kan jar ƙasa da rairayi irin namu ta yi suna. Kamfanin Fijo na Najeriya, PAN, ya fara harhaɗa ta a Kakuri ta Kaduna a 1975. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta mayar da Fijo motar jami'anta don rage facaka, daga nan ta zama motar hakimi da alƙali da shugaban ƙaramar hukuma, kafin ta gangaro ta zama motar haya. Turai ta daina ƙera mai ƙofa huɗun a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har wajen 2006.

A ganina, a duk motocin da suka taɓa bin hanyoyin nan, babu wadda ta daidaita fuska da gani kamar ita, kuma ba sa'a ba ce. Injinta mai silinda huɗu ne, an kwantar da shi gefe, don haka bonet bai yi tudu ba. Bonet ɗin shimfiɗaɗɗe ne, ya ɗan gangara gaba, gefunansa biyu kuma suna da kaifi a saman fitilu, ta yadda mai matsakaicin tsawo yana ganin inda motarsa ta ƙare. Kujerar a ɗage take, mutum a zaune yake ba a kishingiɗe ba. Ginshiƙan gilashin gaba sirara ne, ba sa ɓoye mai keke. Ga tazara daga ƙasa, ga safirin mai tsawon tafiya wanda yake haɗiye gargada. Wanda ya taɓa zama a gaban tsohuwar wagon ana ratsa ƙauyukan Kunchi ko Tsanyawa ya ga yadda direba yake saka ƙafar dama daidai kan tudun da amalanke ta bari tsakanin sawunta, ya wuce kututturen gawo da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba, ba tare da ya leƙo ta taga ba. Gwaninta ce, amma motar ce ta ba shi abin auna gwanintar. Yayarta 404, wadda a-kori-kurarta ta yi wa manoma jigilar gyaɗa da taki, ita ma haka take, fitilunta a ƙarshen kafaɗu biyu masu tsini waɗanda ba sa ɓace wa ido.

Akwai ɗan lissafi da yake warware gardamar, kuma ɗan sakandare zai iya yin sa. Layin da ya tashi daga idon direba ya shafi ƙarshen bonet ya sauka ƙasa, duk abin da yake ƙarƙashinsa a ɓoye yake. A ce ido yana mita 1.2 daga ƙasa, bakin bonet yana santimita 80, tsakaninsu mita biyu. Ƙasar da ba a gani a gaban bamba ta kai mita huɗu. A ce kuma motar gudu ce, ido a mita ɗaya, bakin bonet a santimita 65, tsakaninsu mita biyu da rabi: ɓoyayyen wurin ya haura mita huɗu da rabi. To a ɗauki babbar jif ta zamani, ido a mita ɗaya da rabi da ɗoriya, bonet a mita 1.2, za a samu mita bakwai ko fiye. Sai dai tsawon wurin ba shi ne abin tsoro ba, zurfinsa ne. A gaban mota mai kwantaccen hanci rami ne yake ɓuya, da kaza, da dutse. Yaro ɗan shekara uku in ya tsaya a gabanta, kansa da kafaɗunsa sun fi bonet tsawo, ana ganin sa. A gaban jif mai tsayayyen hanci kuwa yaron gaba ɗayansa ya shige inuwar ƙarfe. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta fitar da rahoto a 2023 cewa motocin da bonet ɗinsu ya haura inci 40 sun fi masu inci 30 ko ƙasa da gangararren hanci yiwuwar kashe mai tafiya a ƙafa da kusan kashi 45 cikin ɗari. Dalilin a fili yake. Gajeren hanci a ƙafa yake dukan mutum ya jefa shi kan bonet, dogon kuwa a ƙirji yake duka ya tura shi ƙarƙashi.

Wannan lissafi yana ci mini rai idan na ga ayarin manyan motoci sun shigo ƙauye ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa. Yara suna yanyame su tun daga bakin gari, suna taɓa fitila, suna leƙa fuskarsu a jikin bamba. Direba ya tayar, ya duba gilashi bai ga kowa ba, alhali uku suna tsugune a gabansa. Dattawa kan ce, "Malam direba, dakata a kori yara," kuma wannan kalma ta ceci rayukan da babu wanda ya ƙirga. Da tsohuwar Fijo ce, shi da kansa zai gan su.

Kada kuma ƙaunar tsohuwar mota ta rufe mana ido. Siririn ginshiƙin da yake ba da gani, shi ne yake lanƙwashewa idan mota ta ƙwace ta yi alkafura, rufi ya sauko kan fasinja. Maƙeran yanzu sun kaurara ginshiƙai ne don rufi ya ɗauki nauyin mota, wasu kuma jakar iska suka cusa a ciki. Bonet ɗin ma da ya kumbura yana da hujja. Tun daga 2005 dokar Tarayyar Turai ta bukaci gaban sabuwar mota ya riƙa sassauta wa mutumin da aka buge, wanda ya sa aka bar tazara tsakanin bonet da injin don kan mutum ya samu abin da zai lotsa kafin ya tarar da ƙarfe mai tauri. Kaifin gefen 504 da nake yabo, da bambarta ta ƙarfe, babu tausayi a cikinsu idan suka sami gwiwar mutum. Ciniki aka yi: an rage wa direba gani don a ƙara wa wanda haɗari ya riga ya rutsa da shi damar rayuwa. Abin da nake ƙi shi ne inda aka wuce bukata, aka miƙar da hanci tsaye don kawai mota ta yi kwarjini, sannan aka ce kyamara za ta maye gurbin ido. Kyamarar da ƙurar hunturu take rufewa kafin a kai Kwanar Dumawa ba abin dogaro ba ce a nan.

Da dare kuwa tsofaffin motoci ba su da abin kare kansu. Ƙwan halojin na H4, mai dim da ful a haɗe, sai a 1971 ya shigo, kuma ko shi haskensa a dim ba ya wuce mita hamsin zuwa sittin a hanya mai duhu. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Kafin direba ya gane cewa duhun da ke gabansa jaki ne, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, rabin hasken ya ƙare, ragowar kuma bai isa tsayawa ba. Motar gudu ta fi shiga uku, domin fitilarta tana kusa da ƙasa, kowane ɗan tudu yana jefa doguwar inuwa, idon direba kuma yana daidai saitin fitilun masu tahowa. Faransa ta yi shekaru fiye da hamsin tana tilasta fitila rawaya har zuwa 1993, shi ya sa tsofaffin Fijo da suka biyo ta Kwatano da Maraɗi suke zuwa da rawayen ido. Direbobinmu sun yi imani ta fi ratsa hazo. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne ba ta kashe ido kamar fara, amma hasken da take bayarwa ya ɗan ragu. Inda tsohuwar fitila ta yi zarra shi ne fuskarta ta gilashi ce, a goge ta da tsumma ta koma sabuwa. Ta roba da ake yi yanzu, ranar Kano takan dafa ta cikin 'yan shekaru ta yi gurɓi, ta riƙa watsa haske ko'ina ban da kan hanya.

Mafi yawan makantar da ke kan hanyoyinmu ma ba daga masana'anta ta zo ba, mu muka ƙara ta. Mota mai farfela tana son kaya, domin nauyi a baya shi yake danna ƙafafun da suke turi, shi ya sa a-kori-kura da lodi take ratsa rairayin da za ta kafe a ciki in babu komai. Amma idan aka ɗora mata buhun gero goma sha daga Dawanau, ko aka cika but ɗin wagon har murfi ya kasa rufuwa aka ɗaure da igiya, baya ya zauna, gaba ya ɗaga. Bonet ya hau ya ƙara rufe hanya, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, dim kuma ya koma ful a idon mai tahowa. Sai a zo gilashin gaba, wanda aka manna wa hoton ɗan siyasa da na malami da takardar ƙungiya, aka lulluɓe samansa da baƙar leda, ga tsagewa ta ratsa shi tun bara. A kujerar gaba fasinja biyu, wani lokaci da na uku a gefen direba, har ya karkace yana tuƙi da kafaɗa ɗaya a waje. Madubin dama ya daɗe da karyewa. Duk ganin da injiniya ya tanada, an cinye shi kafin a bar tasha.

Sabon yayi kuma shi ne fararen ƙwayayen LED da ake cusawa a tsohon gidan fitila. Madubin da ke cikin gidan an lanƙwasa shi ne don ya tattara hasken da yake fitowa daga ɗan siririn zare a wuri ɗaya tak. In aka sa ƙwan da haskensa yake fitowa daga wani wuri dabam, sai ya fantsama sama da gefe. Mai motar yana murna gabansa ya yi fari, bai san nesa ta ƙara yi masa duhu ba, mai babur ɗin da ke tahowa kuma ya makance ɗungurungum. Wasu har doguwar fitila suke ɗaurawa a kan bamba. Akwai kuma wata matsala da ba a cika lura da ita ba. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, kuma dim ɗin motar da aka ƙera don irin hanyarmu yana ɗan ɗagawa ta dama, ya haska gefen titi inda masu tafiya a ƙafa suke. Motar da aka shigo da ita daga Ingila ko Japan aka juya mata sitiyari, in ba a canja gidan fitilar ba, ta hagu take ɗagawa, cikin idon masu tahowa, gefen da yara da dabbobi suke kuma ya zauna a duhu. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar mota, da sun mayar da hankali kan saitin fitila kamar yadda ake mayarwa kan takardu, da an ga bambanci a hanyoyin kasuwannin ƙauye, inda ake tashi bayan magariba.

Tsofaffin motocin gudu masu farfela ba su ƙare a Kano ba, sun koma hannun samari masu wasan mota. Tsofaffin BMW da Marsandi ake nema, saboda turin baya shi yake ba da damar a sa gindin mota ya zame, ta riƙa juyi tana tayar da ƙura. A lokacin da take tafiya a karkace, bonet yana duban wani wuri, motar tana tafiya wani wuri, direba ta tagar gefe yake kallon hanya, cikin ƙurar da shi ya tayar. A filin da aka killace, da tazara tsakanin mota da 'yan kallo, wasa ne da ake yi a ƙasashe da yawa. A filin makarantar firamare ranar kai amarya, da yara sun yi da'ira, ganganci ne da rai, kuma gargaɗin da 'yan sanda suke yi duk lokacin Sallah yana kan hanya.

Mai shirin sayen mota don zirga-zirgar ƙauye, tsohuwa ce ko sabuwa, zai iya gwada duk wannan kafin ya biya. Ya zauna a kujerar direba yadda zai zauna kullum, ya sa wani ya ajiye jarka mai cin lita 25 a jikin bamba, ya riƙa matsawa da ita gaba har sai murfinta ya bayyana, sannan a auna da taku. Tsawon jarkar bai wuce na yaro a tsugune ba. Ya sa mutumin ya zagaya ta gaban motar daga hagu zuwa dama, ya lura da inda ginshiƙi yake haɗiye shi. Da dare kuma ya tsayar da motar mita goma daga bango a wuri mai daidai, da irin kayan da ya saba ɗauka, ya kunna dim. Iyakar hasken a jikin bango ya kamata ta sauka ƙasa da tsayin fitilar da kamar santimita goma, ta ɗan ɗaga ta dama. In ta haura, akwai sukurorin saiti a bayan gidan fitila, aikin minti kaɗan ne a wurin mai wayarin. Yawancin motocin da suka shigo daga Turai, har da Golf ɗin haya, suna da wani ɗan maɓalli mai juyawa kusa da sitiyari, da lambobi daga 0 zuwa 3. Sifili na mota ce ba kaya. Idan an cika ta da fasinja da buhuna, 2 ko 3 ake mayar da shi, fitila ta sunkuya ta koma kan hanya.